Yaya yini guda yake a birnin Sakkwato a shekarun 1950, kuma ta ina labari ke shigowa?

Ka ce kakanka yakan gaya muku cewa a zamaninsu, wato shekarun 1950, babu wayar hannu babu talabijin, amma babu wani abu da ya faru a duniya da bai zo kunnensu ba, kuma ba su taɓa zama cikin kewa don rashin abin nishaɗi ba. Kana son ka san ko haka abin yake, da kuma yadda yini guda ke gudana a birnin Sakkwato a wancan lokaci. To, ɗana, tsohon bai yi ƙarya ba, sai dai maganarsa tana buƙatar sharaɗi biyu. Labari yakan iso ne a makare, kuma kusan kullum yakan iso ne ta bakin wani mutum da ka sani, wanda ya riga ya tace shi, ya ƙara masa ko ya rage. Jarida da rediyo suna nan a lokacin, amma ba su ke kai labari gida gida ba, suna zuba shi ne a cikin tsohuwar hanyar da ta daɗe tana aiki, wato masallaci da zaure da kasuwa da fada da tashar mota.

Don kada maganar ta watse, mu ɗauki wata Juma'a a cikin hunturun ƙarshen 1955. A lokacin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku yana da shekara 17 a kan gadon sarauta, tunda a 1938 aka naɗa shi, Malam Junaidu kuma shi ne Waziri tun 1948. Sardauna Ahmadu Bello yana Kaduna a matsayin Firimiyan Jihar Arewa, muƙamin da ya hau a 1954, Razdan da Di'o-Di'o kuwa suna can bariki a wajen tsohon gari. Lardin Sakkwato ya ƙunshi masarautu huɗu, Sakkwato da Gwandu da Argungu da Yawuri, amma hukumar da talaka ke gani da idonsa ita ce En'e, wato hukumar gargajiya da ke ƙarƙashin sarki. Ita ke karɓar haraji da jangali, ita ke da kotunan alƙalai da 'yan doka da gidan yari, ita ke biyan malaman elementare da ma'aikatan ɗakin shan magani. Mutum yana iya shekara bai yi magana da Bature ba, amma ba ya wata guda bai ji saƙon mai unguwa ba.

Agogon yawancin mutane shi ne kiran salla da tsayin inuwa. Ba a cika yin alƙawari da ƙarfe kaza ba sai tsakanin ma'aikata, sauran jama'a da hantsi ko bayan la'asar ko bayan lisha suke ajiye magana. Da yake Juma'a ce, ba za ka ji amon karatun allo da asuba ba, domin almajirai suna hutun Alhamis da Juma'a, abin da za ka ji shi ne sautin turmi da taɓarya daga cikin gidaje, da kukan jakuna masu shigo da itace da kara ta Ƙofar Kware da Ƙofar Rini da Ƙofar Taramniya. Karin kumallo ɗumamen tuwon jiya ne ko kunu, mai hali ya aika a sayo ƙosai ko waina, da rana kuwa fura da nono ce abincin mai kuɗi da talaka baki ɗaya, saboda ƙasar gero ce. Shayi da burodi sun fara samun gindin zama ne a tasha da wajen ma'aikata, ba su zama abincin gida ba tukuna. Ruwa daga rijiya yake ko daga gulbi, hasken dare kuma aci-balbal ne, sai gidan da ke iya sayen kananzir ya kunna fitilar ƙwai.

Kuɗin da ke yawo a kasuwa shi ne na Afirka ta Yamma wanda Ingilishi suka buga, domin Nijeriya ba ta fitar da nata ba sai 1959, naira kuwa sai 1973. Kwabo 12 ne sule, sule 20 ne fam, akwai taro mai kwabo uku da sisi mai kwabo shida, akwai ɗari wanda yake rabin kwabo, sannan anini wanda goma ke yin kwabo. Kwabo da ɗari da anini duk hudaddu ne a tsakiya, shi ya sa za ka ga mai sayar da goro ya zura su a igiya ya ɗaure a ƙugu, tsohuwa kuma ta ƙulle nata a bakin zane. Fam na takarda ba kullum talaka ke taɓa shi ba, yakan gan shi ne a kaka in ya sayar da gyaɗa ko auduga, kuma kafin ya gama murna mai karɓar haraji ya iso.

Kasuwar birni tana ci kullum, amma ranar Juma'a takan cika fiye da sauran kwanaki, saboda mutanen Kware da Dange da Shuni da Boɗinga sukan haɗa sallar Juma'a da cefane, wasu kuma su biya Hubbare, inda kabarin Shehu Usman Ɗanfodiyo yake, su yi ziyara. Masallacin Shehu da Masallacin Bello su ne na Juma'a. A kasuwar za ka tarar da shinkafa da albasa da rake daga fadamun Rima, da saƙi na Wurno, da baƙin rini daga marina, da jan fata na majema da dukawa. Fatar jar akuyar Sakkwato tana cikin abin da kamfanonin Turawa irin su UAC da John Holt suka fi nema, domin ita ce a Turai aka daɗe ana sayarwa da sunan fatar Maroko. Daga arewa, ta Birnin Ƙonni da Illela, Buzaye ke saukowa da raƙuma ɗauke da gishiri da kanwa da dabino, daga kudu kuma goro ke zuwa. A kanti akwai akoko da alawayyo da atamfa da kwanon sha da ashana, saurayin da ya mallaki keken Raleigh kuwa ya gama kece raini a unguwarsu.

Yanzu ga batun labari, wanda shi ne ginshiƙin tambayarka. Abu na farko da ya kamata ka riƙe shi ne jirgin ƙasa bai taɓa zuwa Sakkwato ba. Layin da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929. Saboda haka duk abin da aka buga a takarda, ko wasiƙa ce ko jarida, sai ya sauka a Gusau, sannan mota ta ɗauko shi ta bi ta Talatar Mafara, tafiyar fiye da kilomita 200, a kan hanyar da damina kan lalata. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, ta wannan hanya take isowa, ba kuma kullum take fitowa ba. Bayan da aka kafa NORLA, hukumar buga littattafai ta Jihar Arewa, a farkon shekarun 1950 don samar wa 'yan yaƙi da jahilci abin karantawa, larduna suka sami nasu ƙananan jaridu, ta Sakkwato ita ce Zaruma, kamar yadda Katsina ke da Himma, Kano ke da Sodangi.

Masu iya karatun boko kaɗan ne ƙwarai, ko da yake masu karanta ajami da Larabci suna da yawa a garin da malanta ta zama gado. Amma kada ka auna tasirin jarida da yawan masu sayenta. Kwafi guda yakan shiga hannun malamin makaranta ko akawun En'e ko malamin asibiti, bayan la'asar ya zauna a ƙofar gida a kan tabarma, mutum goma ko ashirin su kewaye shi. Yana karantawa yana tsayawa, wani dattijo ya ce a maimaita wancan wurin, wani ya tambaya ina ne Masar daga Makka, wanda ya taɓa zuwa aikin haji ta ƙasa ya karɓe bayanin. Wanzamin da ke zaune a gefe yana wasa askarsa zai kwashe abin da ya ji ya kai gida biyar kafin magariba, kuma a kowane gida labarin yakan ɗan canza kama. Jaridar kanta ba a yar da ita, takan wuce ƙauye wurin hakimi ko malamin haraji, a sake karanta ta bayan mako biyu kamar yau aka buga ta.

Rediyon da mutanen Arewa suka fara sani akwati ne da ake jawo masa waya daga tasha guda a cikin gari, ana biyan kuɗin haya, ba ya kama ko'ina sai abin da tashar ta saka. A Kano aka fara shi a 1944, daga baya ya bazu zuwa manyan garuruwan larduna, Sakkwato na cikinsu, kuma akan kafa lasifika a wuraren taruwar jama'a don wanda ba shi da akwati ya saurara. Hukumar watsa labarai ta Nijeriya an kafa ta a 1951, tana da reshe a Kaduna mai shirye-shiryen Hausa. Rediyo mai kama tashoshin nesa, mai babban batir, sai gidan hakimi ko babban attajiri ko Bature. A ranar da muke magana a kanta babu wanda ya ji Sashen Hausa na BBC, domin sai ranar 13 ga Maris 1957 ya fara, da shirin minti 15 kacal.

A ganina, matafiya sun fi jarida da rediyo kawo labari a wancan zamani, kuma wannan shi ne abin da masu rubuta tarihi suka fi mantawa da shi. Lardin Sakkwato ya yi suna wajen cin rani. Da an gama girbi sai maza su ɗauki sanda da buta su nufi Kurmi wurin gonakin koko, ko Jos wurin haƙar kuza, ko Gwanja har Kumasi da Ankara, wato Accra, su dawo kafin ruwan shuka. A ranin 1952 zuwa 1953 an tsaya a kan hanyoyi da mashigan ruwa an ƙirga masu fita daga lardin, aka sami kimanin mutum 250,000. Kowane ɗaya daga cikinsu yakan dawo da kuɗin haraji da turmin atamfa, ya kuma dawo da labarin abin da ya gani, har da yadda mutanen Kwame Nkrumah ke neman mulkin kai. Ga tsofaffin sojan da suka dawo daga yaƙin Bama bayan 1945, waɗanda da yawansu suka zama direbobi da masinjoji da 'yan doka. Ga alhazai, masu tafiya ta Chadi da Sudan su shekara da shekaru a hanya, da kuma 'yan ƙalilan da suka fara hawa jirgin sama daga Kano. Direban babbar mota da ya taso daga Gusau da asuba, in ya tsaya a tasha yana karkaɗe ƙura, kafin a gama sauke kaya an riga an san nawa ake sayen buhun gero a can, da wanda ya rasu, da wanda aka tuɓe.

Umarnin hukuma kuwa yana da tasa hanyar. Daga fada yake sauka zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci da mai unguwa, mai shela ya bi lungu lungu ko ya tsaya a tsakiyar kasuwa ya faɗa da ƙarfi. Haka ake sanar da ranar lamba, da lokacin biyan haraji, da zuwan babban baƙo. Ganin watan azumi ko na salla ma haka yake, sai dai shi daga Sakkwato yake fita zuwa sauran ƙasa, ta wayar tangaraho.

To, me ake tattaunawa a zaurukan a ƙarshen 1955? Na farko farashin gyaɗa da auduga, wanda hukumar ciniki ke yankewa kafin a buɗe kasuwa, domin shi ke nuna ko za a yi aure a bana ko sai baɗi. Na biyu shirin zuwan Sarauniyar Ingila, wadda aka yi wa gagarumin hawan daba a Kaduna a Fabrairun 1956, kuma tun watanni kafin nan masarautu ke tanadin dawaki da kayan ado. Na uku siyasa, wadda sabuwar aba ce a lokacin. Jam'iyyar NPC ita ce ta Sardauna da sarakuna, kuma a cikin birni kusan ba ta da abokin karawa. NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, ta fi samun masu saurare a garuruwan bakin dogo irin Gusau da Ƙauran Namoda, kuma ba a manta ba cewa Malam Aminu Kano ya koyar a Maru kafin ya bar aikin gwamnati. Faɗin ra'ayin adawa a fili yana iya kai mutum gaban alƙali, saboda haka irin wannan hira a ƙasa-ƙasa ake yin ta. Rikicin Kano na Mayun 1953 bai gushe daga zukata ba, matasa 'yan boko kuma suna alfahari da Malam Shehu Shagari, malamin makarantar da aka zaɓa zuwa Majalisar Wakilai ta Ikko a 1954. A zaurukan malamai kuwa gardamar ƙabalu da sadalu tsakanin 'yan Tijjaniyya da 'yan Ƙadiriyya ta fi duk wannan zafi.

Kada ka ɗauka matan da ke cikin kulle ba su san abin da gari ke ciki ba. Yarinyar da ke talla tana shiga gida goma a yini, dillaliya tana shiga ashirin, kuma ba kaya kaɗai suke ɗauke da shi ba. Biki da suna da gaisuwar mutuwa su ne majalisun mata. Suna da sana'arsu ta kaɗi da fura da ƙuli-ƙuli da daddawa, wadda ke ba su kuɗin kansu, suna da waƙoƙin daka da na niƙa inda ake zuba habaici ga kishiya da uwar miji, da kiɗan ƙwarya da shantu a lokacin buki. Sakkwato kuma tana da wani abu na daban, wato 'yan taru, tsarin karantar da mata da Nana Asma'u 'yar Shehu ta kafa, inda jaji ke jagorantar matan ƙauye su zo birni da sadaka su koma da waƙoƙin wa'azi da suka hardace. Tsarin yana raye a shekarun da muke magana.

Nishaɗi a wancan zamani yana bin sana'a da lokacin shekara, kuma da wuya ka ga wanda ya biya kuɗin shiga, kyauta ake yi wa makaɗi gwargwadon yadda ya taɓa zuciya. Manoma suna da kiɗan gayya, mahauta suna da kalangu da dambe, maƙera da mafarauta da 'yan tauri kowa da nasa, Fulani suna da sharo. Hunturu bayan girbi shi ne lokacin dambe da kokawa, saboda rumbu ya cika kuma hannu ya sami hutu, makaɗi Ɗan Anace kuma a wannan fage ya yi suna. Ƙasar Sakkwato da Zamfara ita ce matattarar makaɗan fada. Ibrahim Narambaɗa yana Isa wurin Sarkin Gobir da kotsonsa, Salihu Jankiɗi yana yi wa Sarkin Musulmi, Aliyu Ɗandawo ya yi zamani a Argungu da Yawuri, Musa Ɗanƙwairo kuma yana tasowa daga Maradun. Waƙar fada ita ma jarida ce ga mai kunne, domin a cikin zambo da habaici ake gane wane ɗan sarki ne ya nemi sarauta ya rasa, wane ne kuma fada ta juya wa baya. Mafi yawan mutane ba daga bakin mawaƙin suka fara jin waƙar ba, daga bakin wanda ya halarta ne ya hardace amshin. Garmaho da faifai sun shigo, amma kayan masu hali ne da masu shago.

Sai majigi, wanda shi ne ya fi kama da abin da kuka sani yau. Motar gwamnati ce ke zuwa da injin wuta da farin ƙyalle, a kafa a fili kusa da gidan hakimi ko wani dandali, mai shela ya sanar tun da rana. Bayan lisha a fara da hotunan labarai, sarakuna suna gaisawa da Gwamna ko ana buɗe wata gada, sannan fim na koyar da tsabta ko noman auduga ko amfanin zuwa asibiti, a rufe da na ban dariya. Akwai ma'aikaci mai lasifika da ke fassara abin da ake gani da Hausa, kuma daɗin kallon ya dogara ne ga iya bakinsa. Wasu malamai ba su sake da abin ba, amma yara ba su taɓa bari ya wuce su ba. A daren da babu majigi, in akwai farin wata, 'yan mata suna dandali suna gaɗa, samari suna langa, ƙanana suna gaban kaka ana tatsuniya.

Akwai abin da tsofaffi kan tsallake in suna ba da labarin nan, ba don ɓoyewa ba, sai don ƙuruciya takan rufe ɗacin abu. Sanƙarau ya yi mummunar ɓarna a Arewa a 1949 da 1950, agana tana nan tana kashewa tana makantarwa, kurkunu yana kwantar da manomi a tsakiyar damina, mace-macen jarirai kuma abu ne da kusan kowane gida ya sani. Zazzaɓin cizon sauro ya yi yawan da a 1954 aka fara gwajin fesa magani a gidaje a yankin Birnin Kebbi. Ba a daɗe da fita daga yunwar da ake kira Muɗa ba, ta wajen 1954, manya kuma suna tuna 'Yar Gusau ta 1942. 'Yan makarantar boko kaɗan ne, mata a cikinsu sun fi ƙaranci, duk da cewa an buɗe makarantar horar da 'yan mata a birnin tun 1939.

Wannan tsari bai daɗe bayan 1955 ba. Arewa ta sami mulkin kanta ranar 15 ga Maris 1959, ranar da ta yi daidai da shekara 56 da faɗuwar Sakkwato a hannun Turawa a Giginya, aka yi zaɓen tarayya a Disambar shekarar ba tare da matan Arewa sun jefa ƙuri'a ba, ƙasa ta sami 'yanci ranar 1 ga Oktoba 1960. Amma abin da ya fi sauya zaman hira shi ne ƙaramin rediyo mai batir da ya yi arha a farkon shekarun 1960, tare da gidan rediyon Jihar Arewa da aka buɗe a Kaduna a 1962. Daga nan manomi a Gwadabawa da makiyayi a dajin Gundumi suka fara jin labarin duniya da muryar Ɗanƙwairo a lokaci guda da Waziri, ba tare da sun jira motar Gusau ko malamin da zai karanta musu ba.